Ni Ne Na Juya Tayoyin

Zuwa ga Alhaji Mamuda,
Shugaban Kwamitin Motar Marasa Lafiya,
Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu,
Ƙasar Dawakin Tofa, Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da ban girma, Baba Alhaji, ina fata kana lafiya, da iyali, da gwiwar nan da ke damunka in an yi ruwa. Ina gaida Malam Sakatare da Ma'aji da sauran dattawan kwamiti. Yaya muka ji da damina? Allah ya nuna mana kaka lafiya, ya sassauta mana wannan tsanani da ake ciki.

Ni ne Habu mai faci na bakin tasha, ƙanin Sale direba uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mijin Rabi, 'yar ƙaninka marigayi, wadda kai ka riƙe ta ka aura mini. Na san abin da za a ce. Za a ce Habu ya fitsare, ya rubuta wa surukinsa takarda ya manna a ƙofar masallaci. Wallahi sau biyu ina zuwa zaurenka da maganar nan a bakina. Zuwan farko na durƙusa na gaishe ka, ka tambayi yara, ka sa aka kawo mini fura, na sha na tashi. Zuwa na biyu ko zama ban yi ba, na ce maka wucewa nake. Bakina ba zai iya a gabanka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sannan kuma a gaban jama'a aka ɓata sunan yayana, ba zai yi kyau a je a wanke shi a lungu ba.

Saboda 'yan garinmu da ke birni, waɗanda za a tura wa wannan takarda ta waya, bari in faro daga tushe. Ku ne kuka haɗa hannu kuka saya mana babbar jif ɗin nan don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti, Allah ya saka da alheri. Aka ba Yaya Sale tuƙinta, saboda ya fi shekara ashirin yana jan babbar mota daga Dawanau zuwa Kudu, bai taɓa zubar da buhun kowa ba. A bazarar bara aka saya mata sababbin tayoyi huɗu. Kafin azumin bana biyu sun suɗe ta gefe ɗaya har waya ta leƙo, biyu kuma tsakiyarsu ta cinye. Kwamiti ya zauna ya ce tayoyin da aka saya rana ɗaya ba za su tsufa daban-daban ba, don haka Sale ya sayar da sababbin ya ɗaura tsofaffi. Aka karɓe makulli daga hannunsa a filin firamare bayan la'asar, rabin gari yana kallo.

Baba Alhaji, Sale bai sayar da ko ɗaya ba. Shekarata goma sha tara ina kwance taya ina ɗaurawa. Ban yi zurfi a boko ba, amma in aka ajiye mini taya na shafa ta da tafin hannu, zan faɗi abin da ya ci ta. Ga abin da ya ci waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda na sa hannuna a ciki.

Na ɗaya, kwalbatin bakin fadama.

A markar bara ruwa ya zaizaye gefen kwalbatin nan ya bar kan kankare a tsaye. Wata ranar Laraba da hantsi Sale ya ɗauko matar Isiyaku mai shayi, naƙuda ta zo mata da gardama, tana zubar da jini. Ruwa ya rufe wurin, bai ga ramin ba, ƙafar gaba ta dama ta daki kankaren. Bai tsaya dubawa ba, kuma da ya tsaya da ni ne zan fara zaginsa. An kai ta, ta sauka lafiya, yarinyar ga ta can tana rarrafe. Amma daga ranar motar ta fara ja dama. In ka saki sitiyari a kan kwalta sai ta nufi gonar mutane. Na shiga ƙarƙashinta na gani da idona, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar ya ɗan lanƙwashe, tayarod kuma, wato sandar da ke haɗa ƙafa da sitiyari, yana wasa. Ƙafar da ta karkace ba ta taka ƙasa da faɗin taya, da baki ɗaya take takawa, kamar mutumin da ke cin dunduniyar takalminsa ta gefe. Ko tayar zinariya ka ɗaura a wurin, gefen ciki zai cinye ya bar na waje da haƙoransa.

Sau uku Sale yana kawo muku maganar a kai ta Kano a canja ƙarfen a yi mata alaimen, wato a ɗora ta a na'ura a saita ƙafafun su miƙe. Na farko aka ce a bari ruwa ya ɗauke. Na biyu aka ce a bari a yi kaka. Na uku ina wurin, Ma'aji ya ce motar da ke tafiya da ƙafarta me za ta je yi gareji, mai kuma ya yi tashin gwauron zabi, zuwa Kano da dawowa kaɗai ya isa a kai mara lafiya huɗu asibiti. Ban ga laifinsa sosai ba a lokacin. Shekarar da magidanci ke auna masara da gwangwani, wa zai so ya ji maganar alaimen? Amma motar ba ta san ana yunwa ba, ta ci gaba da cin tayarta.

Na biyu, iska. Wannan laifina ne, kuma ba wanda ya sani sai yau.

Wani ya gaya wa Malam Sakatare cewa taya mai tauri tana rage shan mai. Ya zo rumfata da kansa ya ce daga yau in riƙa cika su tam. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da masu motar suka manna, ta ce iska talatin da biyar. Na san da ita. Ban nuna masa ba, don ban so a ce mai faci yana koya wa malamin makaranta karatu. To ana cikin haka gejina ya lalace, abin auna iskar ke nan, kuma na kasa sayen wani, don abin da nake samu a lokacin bai wuce na cefane ba. Sai na koma irin ta mutanen da, in hura iska in ƙwanƙwasa taya da ƙarfe in saurara. In ta ce ƙau, in ce ta yi. Wata huɗu ina auna motar marasa lafiya da kunne! Ranar da wani direban tirela ya tsaya na ari nasa gejin, na samu ɗaya tana hamsin da biyar, ɗaya hamsin, ɗaya arba'in da ɗan abu. Na sassauta su a ɓoye, na yi gum da bakina. Taya in iska ta yi mata yawa kumbura take ta tsakiya, tsakiyar ce kaɗai ke shafar ƙasa, ita ce kuma ke suɗewa. In iska ta yi kaɗan, gefe da gefe ne ke ci a bar tsakiya. Ku je ku duba tayoyi biyun da ba su taɓa zama a ƙafar gaba ta dama ba, tsakiyarsu ce ta tafi. Wannan aikin kunnena ne.

Na uku, kaya da hanya.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, Baba Alhaji. An sayi motar don marasa lafiya, amma duk ranar da ta kai mutum birni sai a ce tunda fanko za ta dawo, ta biya ta Dawanau. Yau buhun taki takwas, gobe siminti, jibi dusar dabbobi. Akwai naka a ciki, akwai na Ma'aji, akwai na liman. Laifi tudu ne, don haka bari in taka nawa, ni ma buhuna biyu na taki ta taɓa ɗauko mini, na yi ta godiya ina washe baki. Mutane suna ganin girman jif sai su ɗauka a-kori-kura ce. Alhali nauyin jikinta kaɗai ya ishi tayoyinta aiki. In aka danne bayanta, gabanta sai ya ɗaga, saitin ƙafafun gaba ya ƙara kaucewa, shokazoba ta baya kuma, mai shanye gargadar hanya, ta gaji ta daina riƙe taya a ƙasa. Sai tayar ta riƙa tsalle tana ci wuri-wuri, ka shafa ka ji tudu da kwari.

Ga kuma hanyarmu, ka fi ni saninta. Gona ta haɗe da gona, kowa ya ja kunyarsa har bakin turba, don ba wanda ke da taku ɗaya na asara. Sawun amalanke ne ya yi hanyar, jif kuwa ta fi amalanke faɗi. Dole ƙafa ɗaya ta bi rami ɗaya ta hau tudu, ko kuma a taka geron mutane. Sale bai taɓa yarda ya taka shukar kowa ba. Ya gwammace ya goga ƙafar dama a gefen burji da duwatsu da a ce motar gari ta kwantar wa marainiya dawa. Ka tambayi duk mai gona a bakin hanyar nan ko ya taɓa kawo ƙararsa.

Na huɗu, jan fenti. A nan ne abin ya ƙulle.

Ranar da aka ɗaura sababbin tayoyin, Malam Sakatare ya zo da gwangwanin jan fenti ya rubuta wa kowace lamba. Ɗaya a gaba hagu, biyu a gaba dama, uku a baya hagu, huɗu a baya dama. Ya ce kada wanda ya kuskura ya gusar da ko ɗaya daga inda take, don a gane in an yi musanya. Niyyarsa mai kyau ce, amanar jama'a yake tsarewa. Sai dai duk wanda ya san babbar mota ya san ba a barin taya wuri ɗaya har ta mutu. Na gaba su ke juya kan mota, su ke ɗaukar nauyin inji da yawancin birki, don haka sun fi saurin ci. Ka'ida ita ce lokaci-lokaci a dawo da na baya gaba, a kai na gaba baya a gicciye, don cin ya rabu daidai. Wato dokar da aka kafa don tsare tayoyin, ita ce ta hana a yi musu magani.

Da kakar bara, wata ranar kasuwa, Sale ya kawo motar shan iska. Na duba lamba biyu na ga gefen cikinta ya kusa tafiya. Na ce masa, Yaya, mu juya su, ko ta ƙara wata uku. Ya ce a'a, a fara gaya wa Sakatare. Ni ne na ce ya bari, in aka tambaye shi hanawa zai yi, aikin rabin awa ne, kuma ni da bakina zan je in yi masa bayani daga baya. Ya ce to, in dai zan faɗa. Ni na sa jak. Ni na kwance su, ni na ɗaura, lamba huɗu ta dawo gaba dama, lamba biyu ta koma baya hagu. Sale yana zaune a benci yana cin gyaɗa, ko sifana bai taɓa ba. Bayanin da na ce zan yi kuwa, yau ne gobe ne, har ya shige mini duhu. In na hango Malam Sakatare sai in ce bari sai ya fi sakin fuska.

Kafin rani ya raba, lamba huɗu ma ta suɗe ta gefen ciki, daidai irin cin da wurin ya yi wa lamba biyu. Yashi da taɓo kuma sun goge fentin ɗaya da uku. Da Malam Sakatare ya zo dubawa, ya tarar da huɗu a gaba, biyu a baya, sauran babu lamba, kuma kowace da irin tsufanta. In ni ne shi, ban san taya ba, abin da zan zata ke nan.

Na biyar, ranar taro.

Wannan ne abin da ya hana ni sukuni wata bakwai. An tambayi Sale wa ya taɓa tayoyin. Ya ce tayoyin dai su ne waɗanda aka saya, bai sayar da komai ba, Allah ne shaidarsa. Aka sake tambayarsa wa ya kwance su. Ya ƙi ambaton kowa. Ya san in ya ambaci sunana za a ce wa da ƙani sun haɗa baki, ɗaya direba ɗaya mai faci, ai magana ta fito. Ya san rumfar nan ita ce tuwon 'ya'yana bakwai. Sai ya haɗiye.

Daga nan ka yi magana, Baba Alhaji. Ka ce ranka ya ɓaci, ka ce ba ka taɓa zaton haka daga ɗan Malam Garba, wato Sale, ba. Sannan ka waiwayo ka kira sunana, ka ce ni ne masanin taya a garin nan, in faɗa tsakanina da Allah, tayoyi huɗu da aka saya rana ɗaya za su iya cinyewa haka daban-daban? Ƙofa ce ka buɗe mini, na shaida. Amsar tana bakina: za su iya, kuma ni na juya su. Amma in na faɗa, sai na faɗi kwalbati da gyaran da aka hana. Sai na faɗi taki, alhali mai takin ne ke tambayata, kuma surukina ne, ya riga ya yanke magana a gaban mutane. Sai na faɗi geji. Na sunkuyar da kai na ce, Allah ne masani.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunyarka ce ta hana ni, irin tarbiyyar da aka yi mana, ba a mayar wa suruki magana. Ƙarya nake wa kaina. Kunya rabi ce, sauran rabin tsoro ne, kada a ce mai facin da ke auna iska da kunne, kada masu babura su koma wurin wani. Sale ya dube ni sau ɗaya. Bai harare ni ba, da ma hararar ya yi. Ya zaro makullin daga aljihu, ya ajiye a kan tabarma a gabanka, ya sa takalminsa ya tafi.

Har da abin da zai kashe maganar nan take na sani, ban faɗa ba. A jikin kowace taya akwai wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye, waɗanda kamfani ke bugawa don nuna makon da aka yi ta da shekarar. Ba fenti ba ne balle ya goge, a cikin robar suke. Tayoyin nan huɗu lambarsu ɗaya, sunansu ɗaya, girmansu ɗaya. Wane ɓarawo ne zai sayar da sababbi, ya zaga duniya ya samo tsofaffi huɗu da aka haifa mako ɗaya da su? Da aka cire su aka yar a bayan ofishin ƙungiya, na kwaso su na kai bayan rumfata na rufe da buhu. Masu yin guga sun taya, masu takalmi sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne.

Na shida, abin da na gani ranar Talatar nan.

Bayan an karɓi makulli an ba wani direba, Ɗanlami, an kuma ɗaura wasu tayoyin 'yan Kwatano, tunda sababbi sun fi ƙarfin ƙungiya. Malam Sakatare ya sake shafa fentinsa. Ba a taɓa ƙarfen ƙafar ba, ba a je alaimen ba, taki bai daina hawa ba. Ranar Talata Ɗanlami ya kawo ta shan iska, na durƙusa na zura hannu ta bayan tayar gaba ta dama. Waya ce ta soke ni a yatsa, ga tabon nan. Gefen ciki ya tafi, na waje kuwa kamar jiya aka ɗaura, shi ya sa in ka tsaya daga waje ba za ka ga komai ba. Lambar fentin tana nan daram inda aka rubuta ta, ba wanda ya gusar da ita. To wa ya sace wannan kuma? Ko Ɗanlami ma za a tara masa gari a filin firamare? Tayar nan ba za ta kai ƙarshen wata ba, kuma ba a bakin rumfata za ta fashe ba, a kan kwalta za ta fashe da mara lafiya a kwance a baya. Na gaya wa Ɗanlami kada ya wuce gudun keke da ita, na ɗaura masa safaya a wurin kafin ku yanke shawara.

Yanzu bari in gaya maka halin da yayana ke ciki, don na ga kamar ba a kawo maka labari. Ya daina zama a majalisar gindin darbejiya. Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba, yanzu a sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallamewa ya fice. Yara a hanyar makaranta suna kiran ɗansa ɗan Sale Taya. Matarsa, Yaya Hansai, ta daina zuwa suna da biki, ta ce ta gaji da yadda hira ke mutuwa in ta shiga. Makon jiya kuma na fita duba dawata da safe, na tarar da dillali yana taka gonarsa yana ƙirga taku. Gonar mahaifinmu ce aka raba mana biyu, layin gamba ne kawai tsakanina da shi. Ya ce in an yanke dawa zai sayar, ya kama ɗaki a Dawanau ya kwashe iyalinsa, ya koma neman tuƙin Kudu. Mutum ya doshi sittin, ga ciwon baya. Kai ka san a ƙasar nan wanda ya sayar da gonar gado ba ya sake samun wata, ko da kuɗin a hannunsa. Na je na roƙe shi, ya ce mini ba zai iya tsufa a garin da ake ɓoye makulli in ya shigo ba. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci ranar taro ba, har ya tambaye ni jikin autana.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

Ka zo da kanka, kai da Malam Sakatare da Ma'aji, ku ga tayoyin nan huɗu. Kada ku yarda da maganata, tunda na nuna muku abin da maganata ta zama. Ku ɗauko kowane mai faci daga Dawanau ko Gezawa, wanda bai san ni ba bai san Sale ba, ya karanta muku lambobin, ya shafa su, ya shafa wadda na cire ranar Talata, ya faɗi abin da ya gani.

A kai motar Kano a canja ƙarfen ƙafar da tayarod, a duba shokazoba, a yi alaimen, kafin a sake sayen ko taya ɗaya. In ba haka ba, duk wadda aka ɗaura abincin wurin ce. A riƙa ba ta iskar da aka rubuta a jikin ƙofa, da geji, da safe kafin taya ta yi zafi. Na sayi sabon geji, na sayar da tunkiyar Rabi na saya, da saninta. Duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai a juya tayoyin. Malam Sakatare ya ci gaba da fentinsa, ba laifi, sai dai ya zo ya tsaya a yi a gabansa. Buhu kuma, nawa da na kowa, ya bi amalanke.

Babban roƙona shi ne wannan. Ranar Juma'a bayan an idar, kafin mutane su watse, ka tashi da bakinka ka ce an binciki magana, Sale ɗan Malam Garba bai ci amanar kowa ba. Da bakinka, Baba Alhaji, don bakinka ne ya ce ba ka zaci haka daga gare shi ba, kuma wannan kalmar ce ta fi karɓe makullin yi masa ciwo. Ban ce a mayar masa da mota ba. Ɗanlami ma mai iyali ne, kuma ban jin Sale zai karɓa. Sunansa kawai nake roƙo, kuma a yi kafin a yanke dawa. In ka ba ni izini, ni zan fara tashi in faɗi nawa a gaban kowa. In kwamiti ya ga a hana ni taɓa motar har abada, na karɓa. In ka yi fushi da ni a matsayin suruki, na durƙusa, amma kada fushin ya shafi Rabi, ba ta san komai ba sai daren jiya da na karanta mata wannan takarda. Kuka ta yi, ta ce da na faɗa tun ranar, da kai ne farkon wanda zai ba Sale haƙuri. Ina jin gaskiyarta ne, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Na yi maka mummunan zato, na ɗauka girmanka ba zai ɗauki gaskiya daga bakin yaro ba.

Na san wasu za su ce ihu ne bayan hari. Haka ne. Da na sani ƙeya ce, ga ni ina ta waiwaye. Shekaranjiya da azahar ina zaune a rumfa, sai ga Yaya Sale yana tura kekensa, tayar baya ta sace. Na miƙe tsaye, har na ɗauko famfo. Ya yi mini sallama, ya ce Habu ya aiki, na ce da godiya. Ya wuce. Ina tsaye da famfo a hannu ina kallonsa, ya miƙe hanyar kwalta cikin ranar nan, zai kai wa mai facin ƙauyen gaba, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar shi ya saya mini famfona na farko.

In kun wanke shi, wataƙila dillali ya koma inda ya fito, gonar mahaifinmu ta zauna. Wannan yana hannunku. Ko zai sake tsayawa da kekensa a rumfata, wannan ba ya hannun kwamiti, kuma ban roƙe ku shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba Alhaji. Allah ya ba ka ikon faɗin abin da ni na kasa faɗa da ƙuruciyata. Allah ya tsare duk wanda za a kwantar a bayan motar nan, ya yafe mana abin da muka yi da saninmu da wanda muka yi cikin rashin sani, ya kawo mana sauƙin wannan zamani.

Wassalam.

Naka mai neman afuwa,
Habu mai faci, bakin tasha,
ƙanin Sale direba.